Kurakuran da Masu Zanen Littattafan Yara Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

Yawancin zanen da ke lalacewa a littafin yara ba rashin iya hannu ke lalata shi ba. Mai zane ya karɓi labari, ya zaɓi wurin da ya fi burge shi, ya kwana uku yana shafa masa launi, sai daga baya ya tarar babu inda rubutu zai zauna, fuskar yarinyar kuma ta faɗa daidai inda za a ɗinke littafin. Hoton rataye wa a bango daban, hoton cikin littafi daban.

Tun daga ƙirgen shafuka ake fara tuntuɓe. A maɗaba'a ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya, a ninke ta, a yanke, shi ya sa littattafan hotuna suke zuwa shafi 16, 24 ko 32, kuma 32 ɗin aka fi yi. Ko ƙaramin littafin da ake ɗaure wa da waya a tsakiya, dole adadin shafukansa ya rabu huɗu-huɗu. Wanda ya kai shafi 34, ko dai a ƙara masa fararen shafuka biyu, ko a jefar da hotunansa biyu. A cikin 32 ɗin ma, idan aka cire shafin suna da na bayanan haƙƙin mallaka da makamantansu, abin da ya rage wa labari bai wuce wajen 28 ba. Maganin ba ya cin ko sisi: ka ɗauki takardar A4 guda takwas, ka ninke su biyu, ga littafin gwaji mai shafi 32. Ka yanka labarin da almakashi, ka manna kowane yanki inda zai zauna, ka yi zanen fensir na gaggawa, kan mutum da'ira kawai. Sai ka karanta wa yaro ɗan shekara biyar, ka lura da inda yake miƙa hannu ya buɗe gaba da inda hankalinsa ya koma waje. Abin mamaki, kamar ɓullowar kura, a ɓoye shi bayan an juya shafi. Idan yana kan buɗi ɗaya (wato shafuka biyun da ake gani tare) da abin da ya jawo shi, idon yaro ya riga kunnensa. A littafin boko tafiyar jarumi daga hagu zuwa dama take, a na ajami kuwa akasin haka.

Sai maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa. An rubuta "Ladidi ta ɗauki tulu ta tafi rijiya", aka zana Ladidi da tulu da rijiya, shi ke nan. Yaron da bai iya karatu ba hoton yake karantawa, don haka a ba shi abin da marubuci bai ambata ba: ɗan akuya biye da ita yana tauna gefen zanenta, ita kuwa ba ta sani ba. Zai neme shi a kowane shafi.

Yara ba sa yafe canjin kama. Kitson shuku a shafi na 6 ya koma kalaba a shafi na 14, su za su fara gani kafin edita. Kafin a fara aikin gaske, a zana kowane mutum a takarda guda: ta gaba, ta baya, ta gefe, yana dariya, yana kuka, yana gudu, sannan a jera su duka don a tsayar da tsayin kowa. Idan aka auna tsayin jiki da tsawon kai, na babba yakan ninka shi sau bakwai zuwa bakwai da rabi, ƙaramin yaro sau huɗu zuwa biyar. Wanda bai kiyaye wannan ba tsofaffi gajeru yake zanawa da sunan yara. A kuma sauƙaƙa adon atamfa, domin abin da ka zana sau ɗaya sai ka sake shi sau ashirin.

Wanda ya koyi zane daga hotunan intanet yakan kawo gida mai bututun hayaƙi da bishiyar tuffa cikin labarin da ya faru a Gumel. A fita a kalli zaure, rumbu, randa da murhu, a ɗauki hotonsu. Ba kuma kowane labari ne na ƙauye ba. Yaron Kano ya san a-daidaita-sahu fiye da jaki. Akwai wani tarko a kwamfuta: juya hoto don jarumi ya fuskanci ɗaya ɓangaren. Da zarar an juya, yaron da ke miƙa wa kakarsa ƙwarya da dama ya koma miƙawa da hagu, rubutun allonsa ma ya birkice. Iyaye za su gani.

Inda aka fi asara shi ne wajen bugu. Wuƙar maɗaba'a ba ta faɗawa daidai kullum, don haka hoton da ya cika shafi a zarce da shi milimita 3 ta kowane gefe, in ba haka ba farin layi zai fito a baki. Fuska, hannu da rubutu su nisanci gefe da santimita ɗaya, su nisanci tsakiyar littafi da fiye da haka. A fara aikin da 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girmansa. Littafi mai santimita 20 tsawo da faɗi, buɗinsa tare da rarar yanka ya kai ɗigo 4795 a faɗi, 2433 a tsawo. Ƙaramin hoto ba ya gyaruwa da jan gefe. Kada kuma a tura aiki ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi. A tura shi a matsayin fayil.

Fuskar waya da haske take nuna launi, tsarin RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, tsarin CMYK. Kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli dusashewa suke a takarda. Amma wanda ya fi shan wahala shi ne launin fatarmu. Mai zane ya duhunta fata da baƙar tawada, takarda marar sheƙi ta sha, ɗigon ya bazu, sai fuska ta fito dunƙule, idanu da haƙora kaɗai ake gani. A gina launin da ja da rawaya da ɗan shuɗi, baƙi kaɗan, a bar shi ya ɗan fi abin da ake so haske, a sa haske a goshi, kumatu da karan hanci. Kowace tawada ana auna ta daga kashi 0 zuwa 100, kuma jimillar huɗun a wuri ɗaya kada ta wuce kashi 300 a takarda mai sheƙi, ƙasa da haka a marar sheƙi. A tambayi mai maɗaba'a iyakarsa, a kuma nemi bugun gwaji a kan ainihin takardar. Idan baƙi da fari za a buga, a mayar da hoton ruwan toka tukuna, domin ja da kore sukan zama abu ɗaya.

Rubutu a ajiye shi daban, kada a narkar da shi cikin hoto, kuma da baƙar tawada zalla. A gwada salon harafin da ɓ, ɗ da ƙ tun farko. Da yawa ba su da su, sai akwati ya fito a madadinsu. Salon Andika, wanda ƙungiyar binciken harsuna ta SIL ta tsara don masu koyon karatu, yana da su duka.

Maganar kuɗi kuwa, kunya ce ke cutar masu zane. A rubuta yawan hotuna har da bango, ranar miƙawa, biya kashi uku (a farko, bayan an amince da zanen fensir, da ƙarshe), da yawan gyaran da ke cikin farashi, misali zagaye biyu a matakin fensir. Gyara bayan an shafa launi da kuɗinsa daban. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, miƙa haƙƙi sai a rubuce yake tabbata, saboda haka a fayyace: izinin bugu aka sayar ko haƙƙin gaba ɗaya? Idan aikin na dandalin littattafan yara na intanet ne irin African Storybook ko StoryWeaver, lasisin Creative Commons suke amfani da shi, wato kowa na iya sauke hotunan ya fassara labarin ya sake bugawa ba tare da ya biya ka ba. A sa wannan a lissafin farashi kafin a sa hannu, a kuma rubuta cewa sunan mai zane zai fito a bangon littafi tare da na marubuci.