Yadda Ake Ɗebo Lakar Ƙasan Dam a Karanta Tarihin Taki da Kabon

Kowace damina, ruwan da ke gangarowa daga gonaki da garuruwa zuwa madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara yana tafe da ƙasa da ragowar takin zamani da kashin dabbobi, kuma da zarar ya tsaya sai waɗannan su kwanta a ƙasa, na bana a kan na bara. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke son sanin yadda naitirojin da fosforas suka ƙaru a ruwan, da yawan kabon ɗin da ya binnu, zai iya karanta wannan jeri matuƙar ya ɗebo lakar ba tare da ya dagula ta ba.

A fara da neman izini daga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, sannan a nemi masunci da ya san ruwan, domin shi zai nuna inda ya fi zurfi da kwanciya. Nan ake so, ba bakin da kogi ke shigowa ba, inda yashi ke zuba ambaliya kuma ta kwashe, ba kuma gefen da ke bushewa da rani shanu su tattake ba. Ana zura bututun roba garai-garai mai nauyi a kansa, a tsaye cak daga kwalekwale, a toshe ƙasansa kafin ya fito daga ruwa. Idan ruwan da ke saman lakar cikin bututun ya yi duhu, an dagula shekarun baya-bayan nan, gara a zubar a sake. A ɗebo daga wuri uku ko fiye.

Da an fito gaɓa sai a turo lakar daga ƙasa, a riƙa yanka ta santimita ɗaiɗai, kowane yanki a ledarsa da lambar zurfinsa, a ajiye cikin ƙanƙara, saboda zafin ƙasarmu yana ruɓar da ita da wuri.

Sanya wa yankunan shekaru shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan dam ya fi tafkin da Allah ya yi sauƙin sha'ani. Idan bututun ya nutsa sosai, za a tarar da inda laka mai laushi ta ƙare, tsohuwar ƙasa mai tauri da saiwoyi ta fara. Wannan iyaka ita ce lokacin da ruwa ya mamaye wurin: wajen 1978 a Bakolori, 1968 kuma a tafkin Kainji da ya kai har Yawuri. Masu hali sukan ƙara da awon dalma-210, wani nau'in dalma da rabinsa ke rikiɗewa ya ɓace duk bayan shekara 22 da 'yan watanni, don haka yawan da ya saura a yanki yana nuna shekarunsa. Wannan ɗan burbushi ne da ke sauka daga iska, ba shi da alaƙa da gubar dalmar da ta addabi Anka da Bukkuyum a 2010. Alamar siziyam-137 ta 1963, wadda gwajin makaman nukiliya ya bari, ta girmi madatsun biyu, don haka ba za ta yi amfani a nan ba.

A ɗakin gwaji ana busar da kowane yanki a zafin digiri 105 na ma'aunin Celsius a auna nauyinsa, sannan a ƙona shi a digiri 550 na tsawon awa 4 a sake aunawa. Nauyin da ya ɓace wajen ƙonawar shi ne ruɓaɓɓen tsiro da ƙananan halittu, kuma kusan rabinsa kabon ne. Sai dai lakar da yumɓu ya yi wa yawa tana sakin ruwan jikinta a wannan zafi, ta sa lissafi ya haura, saboda haka yana da kyau a tura wasu yankuna inda ake da na'urar auna kabon da naitirojin kai tsaye. Wannan awo zai kuma nuna asalin kabon ɗin: idan ya ninka naitirojin sau 10 ko ƙasa da haka, gansakukar cikin ruwa ce, wadda yawanta kan nuna taki ya yi wa ruwan yawa, idan ya haura sau 20, karare da ganyayen tudu ne ruwa ya kwaso.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsayawa a kan kaso cikin ɗari. Shekarar da zaizayar ƙasa ta yi tsanani, kason kabon yakan faɗi domin ƙasa ta sirka shi, alhali abin da ya binnu ya ƙaru. Sai an haɗa kaso da saurin taruwar laka da nauyinta. A ƙaddara laka tana taruwa santimita 2 a shekara, busasshen nauyinta rabin giram a kowane santimita kubik, kabon kuma kashi 2 cikin 100. Sakamakon shi ne giram 200 na kabon a kowane murabba'in mita a shekara.

Fosforas yana buƙatar taka-tsantsan, domin idan iskar oksijin ta ƙare a ƙasan ruwa yakan rabu da sinadarin ƙarfen da ya riƙe shi ya hauro sama, har saman laka ya nuna yawan da ba na bana kaɗai ba. Ƙurar hunturu ma tana kawo nata kason. Haka nan yankunan sama ba su gama ruɓewa ba, kuma a ruwa mai ɗumi wani ɓangare na kabon ɗinsu zai fita a matsayin iskar mitan, don haka a rahoto a ware santimitocin farko a rubuta lissafinsu daban.