Yadda kai da abokinka za ku shiga gajeren tseren daji na ɗaliban jami'a

Tseren yakan haɗa gudu, hawan keke da tuƙa kwale-kwale, kuma gajerensa bai cika wuce awa 6 ba.

1. Zaɓi abokin da ƙarfinku ya zo ɗaya. Ba a raba tafiya. A gasanni da yawa doka ta hana tazararku ta wuce mita 100.

2. Ana gobe tsere, ku duba birki da iskar taya, ku haɗa hular kwano, ruwa, usur da kamfas (na'urar da ke nuna arewa).

3. Da an miƙo taswira kada ku zabura, ko da kowa ya ruga. Ku tsuguna, ku shata hanya da biro, ku jera wuraren da aka yi wa alama a taswirar, inda za ku huda kati don shaidar kun iso. Ɗaya ya riƙe taswirar, babban yatsansa a kan inda kuke, ɗayan ya riƙa ƙidaya taku. GPS dai galibi an hana. A ganina ɓata ta fi gajiya kayar da mutane.

4. A kwale-kwale, wanda ya fi iyawa ya zauna baya, shi ke juya shi.

5. Ku riƙa duba agogo. Makara kan jawo zabtare maki, don haka in lokaci ya ƙure, ku haƙura da sauran wuraren, ku nufi layin ƙarshe tare.