Yadda Ake Neman Digiri na Biyu a Fannin Inshora da Kiyaye Asara

Lissafi ne ya tsayar da da yawa daga cikin waɗanda muka fara wannan karatu tare, tun a zangon farko. Ni ma saura ƙiris ya yi gaba da ni, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Da farko ka tantance irin mastas ɗin da kake so. Akwai na bincike, wato MSc, akwai kuma na ƙwararru da aka tsara wa ma'aikata. In kana da burin koyarwa ko yin digiri na uku, MSc za ka ɗauka, kada kowa ya ruɗe ka da cewa ɗayan ya fi sauƙi. Mai HND ko sakamako mai daraja ta uku, galibi sai ya bi ta PGD, wato diflomar gaba da digiri, tukuna. Jami'ar Legas ta daɗe tana da sashen inshora, ABU Zariya ma tana da nata, amma ka karanta sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekarar da kanka, don kwasa-kwasan da ake buɗewa sukan canza. 'Yan Nijar, Chadi da Kamaru kuwa, hanyarsu ta fi karkata zuwa cibiyar horar da ma'aikatan inshora ta IIA da ke Yawunde, inda ake shiga ta jarrabawa, ana karatu da Faransanci bisa dokokin CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a waɗannan ƙasashe.

Ranar da ka yanke shawara, ranar za ka nemi tsohuwar makarantarka ta tura takardar sakamakonka. Tana iya cin watanni.

To, ga lissafin. Na shigo da digirin harkokin kasuwanci ina ganin na san kan abin. A gwajin farko aka ba mu tambaya mai kama da wannan: a ce shaguna 1,000 ne a kasuwa, duk shekara 10 ke ƙonewa, kowanne asarar naira miliyan 2. Nawa kowane mai shago zai biya? Na raba miliyan 20 gida 1,000, na rubuta naira 20,000, na ajiye biro. Da takardar ta dawo, malamin ya ja layi da jan biro yana tambaya ta, in wutar ta kama layi guda a dare ɗaya fa? Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san wuta ba ta bin shago ɗaya bayan ɗaya. Matsakaicin adadi kawai na sani. Yadda asara ke kaucewa daga matsakaici, da kuɗin da kamfani zai ajiye saboda mummunar shekara, da dalilin da ya sa shi ma yake sayen inshora daga irin su Africa Re, masu yi wa kamfanonin inshora inshora, duk a nan karatun yake.

Don haka wata uku kafin a koma, ka samo littafin ƙididdiga na 'yan aji ɗaya ko biyu na jami'a, ka riƙa warware tambayoyi da hannu kullum bayan Asuba. Tsohon littafi ya isa, ba sai ka kashe kuɗi a sabo ba. Ka haɗa da lissafin darajar kuɗi a tsawon lokaci, sannan ka iya Excel sosai. Kallon bidiyo ba ya maye gurbin biro da takarda.

A gida za a tambaye ka halaccin inshora, kuma tambaya ce mai kyau. Ka karanci takaful, wato inshorar Musulunci, da gaske. NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da shi. A ganina a nan ɗan Arewa ya kamata ya nemi batun bincikensa, ko a inshorar manoma ta NAIC, kamfanin inshorar noma na gwamnatin tarayya.

Kana cikin karatun ka yi rajistar jarrabawar CIIN, cibiyar ƙwararrun inshora ta Najeriya, domin kamfanoni suna dubanta, kuma ka tambaya ko za a ɗauke maka wasu darussa saboda digirinka. Ka karanta dokar inshora ta Najeriya ta 2025 da ta maye gurbin ta 2003. Mai duba bincikenka kuma ka same shi tun zango na biyu, ka kai masa batu uku a rubuce.