Man Kifi da Maganin Tsinka Jini: Kurakuran da Aka Fi Yi

Daga Garwa zuwa Marwa, har Kuseri da Njamena, ƙwayoyin man kifi da ake kira omega-3 sun zama ruwan dare. Ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa kwalba daga Yawunde, maƙwabciya ta ce ai yana gyara zuciya, sai a fara sha. To amma da yawa cikin masu shan nan dama suna kan maganin tsinka jini, irin su Sintrom, Previscan ko Coumadine (wannan na ƙarshen shi ne warfarin). Likita kan rubuta waɗannan ga wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, ko mai bugun zuciya marar tsari, ko wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin gaya wa likita. "Ai ba magani ba ne, man kifi ne kawai." Gaskiya ne man kifi ba shi da ƙarfi sosai a kan jini. Yana ɗan rage haɗuwar ƙananan ƙwayoyin jini da ke toshe bakin rauni, kuma a kan giram 1 a rana ba a saba ganin ya jawo zubar jini mai tsanani ba. A kan giram 4 a rana ne aka ga zubar jini ta ɗan ƙaru, har da rikicewar bugun zuciya ga wasu. Gyaran mai sauƙi ne: ranar ganin likita, zuba duk abin da kake sha a leda, har da na gargajiya, ka ajiye masa a kan tebur. In ya amince ka fara, a maimaita awon INR bayan mako ɗaya ko biyu. Wannan awon ne ke nuna yadda jinin ya tsinke. Ga yawancin mutane ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tara abubuwa a kan juna. Mutum yana kan Sintrom, ya ƙara man kifi, ya ƙara ƙwayar tafarnuwa ko ta ganyen itacen ginkgo, sannan gwiwa ta dame shi ya tsaya wurin mai tebur ya sayi diclofenac ko ibuprofen ko asfirin. Waɗannan na ciwon jikin su ne suka fi haɗari, domin suna cin bangon ciki, kuma jinin da ya riga ya tsinke ba ya saurin tsayawa. Paracetamol ya fi sauƙi, shi ma kada a daɗe ana sha da yawa. Flagyl da Bactrim kuwa suna ɗaga INR sosai, don haka duk mai rubuta maka su ya san kana kan maganin jini.

Wasu kuma suna zaton kowane ƙarin magani tsinka jini yake yi. Ba haka ba ne. CoQ10, wanda shi ma ake tallatawa don zuciya, yana kama da bitamin K a ƙirarsa, wato bitamin ɗin da ke taimaka wa jini daskarewa, kuma an samu waɗanda ya rage wa ƙarfin warfarin. Nan haɗarin daskarewa ne, ba zuba ba.

Sai batun miya. An ji cewa ganye yana da bitamin K, sai a hana dattijo miyar kuka, a hana shi zogale da alayyafo. Ba a buƙatar wannan takura. Ka ci yadda ka saba, kusan daidai kowane mako, likita ya daidaita maganin a kan haka. Abin gudu shi ne canji na farat ɗaya, kamar fara shan garin zogale cokali-cokali kullum. Kifin Binuwai ko na Logon a cikin miya ba shi da matsala. Masu shan Xarelto ko Eliquis, wato wasu sababbin magungunan tsinka jini, ganye bai shafe su ba, amma gargaɗin diclofenac yana kansu.

Mafi muni shi ne ajiye maganin asibiti saboda tsada ko wahalar zuwa awo, a ce man kifi ya wadatar. Don Allah kada a yi haka. Man kifi ba ya hana gudan jini taruwa a kan bawul na ƙarfe, kuma gudan nan in ya haura kai, shanyewar ɓarin jiki ce. In kuɗi ne matsalar, a faɗa wa likita ƙarara.

Kafin cire haƙori ko tiyata a sanar da mai aikin, ƙaho wurin wanzami kuma a haƙura da shi sai likita ya yarda. Haɓon da ya ƙi tsayawa, dasashi mai yawan jini, fitsari ja, bayan gida baƙi ƙirin, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa, duk na asibiti ne nan take, ko da dare ne, a tafi da kwalayen magungunan.