Shawara ga iyayen yaro mai son kiɗa

'Yan uwa na Yamai, in kun ga yaronku ya addabi gwangwanin tumatir da ƙoƙon gida da duka, kada ku yi saurin saya masa babban kalangu. Ku fara kai shi wurin makaɗi dattijo, ya zauna gefensa a biki. Za a ba shi ɗan karɓi ko kuntuku, wato ƙananan gangunan da ke raka kalangu, ya riƙe kiɗa guda, ba ƙari ba ragi, har hannu ya zauna. Wannan matakin ne yara suka fi ƙi, ni kuwa a ganina shi ne ginshiƙin sana'ar. Sai kunne ya buɗe sannan ya koyi matse tsarkiya a hammata, yadda kalangu zai hau ya sauka kamar muryar mutum.

Ya koyi ɗaurin fata da kansa, kuma kada ya bar gangarsa cikin raɓa.

In ya tasa, ku leƙa CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa da aka buɗe a 1989. Don Allah kada ku cire shi daga lakwal, domin ranar da zai fara koyar da wasu ko sa hannu a kwangilar wasa, karatun nan zai nema.