Yadda ake tsare iyakar ƙarfin jarumi a wasan Dungeons & Dragons

A bugu na biyar na wasan labari na kan teburi mai suna Dungeons & Dragons, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, ƙarfin jarumin ɗan wasa yana tsayawa ne a maki 20. Dodanni ne ke iya kaiwa 30. Da gangan aka yi haka. Duk abin da jarumi zai gwada, ɗan lido mai fuska 20 ake jefawa a haɗa da ƙarin da ƙarfinsa ya ba shi, to idan ƙarin ya yi yawa jifan ya zama na banza. Tsare wannan iyaka aikin mai jan ragamar wasa ne.

Ka fara tun ranar da ake gina jarumai. Idan aka jefa 'yan lido huɗu masu fuska 6 aka yar da mafi ƙanƙanta, mai sa'a zai iya samun 18, jinsinsa, wato irin halittar da jarumin yake, ya ƙara masa 2, ya shiga wasa da 20 tun a mataki na farko. Ina kuma zai hau daga nan? Shi ya sa tsarin sayen maki ya fi aminci: kowa na da maki 27, babu mai wuce 15 kafin ƙarin jinsi, kuma 15 ɗin kaɗai tana cinye 9. Wanda ya fara da 17 sai a mataki na 8 zai taɓa 20, jarumin da aikinsa mayaƙi ne kuwa a na 6, don shi yana da damar ƙara maki fiye da saura.

Sai lissafin ƙari: cire 10 daga makin, raba biyu, in akwai guntu sauko zuwa lambar da ke ƙasa. Maki 20 na ba da +5, maki 8 na ba da -1. Maki 17 da 16 duk +3 ne, amma ba ɗaya suke ba wajen kaya da tsalle, domin tsallen nisa da gudu ƙafa ɗaya ne ga kowane maki.

Wajen kaya ne aka fi sakaci. Jarumi na ɗaukar laba 15 ga kowane maki, wato mai 20 na ɗaukar laba 300, kimanin kilo 136. Turawa, ja ko ɗagawa kuwa ninki biyu ne, laba 600, sai dai mai jan abin da ya wuce 300 ƙafa 5 kawai zai motsa a juyinsa. Wannan ƙa'ida tana da sassauci sosai. In kana son nauyi ya riƙa cizo, ɗauki ta zaɓi: kayan da suka wuce ninki 5 na ƙarfi suna rage gudu da ƙafa 10, waɗanda suka wuce ninki 10 suna rage 20, kuma hari da gwajin jiki sai a jefa biyu a ɗauki na ƙasa. Dubi mayaƙi mai ƙarfi 15. A wannan ƙa'idar, iyakarsa kafin gudu ya ragu laba 75 ce. Sulken ƙarfe cikakke 65, garkuwa 6, takobi 3, ga 74 ke nan. Salkar ruwa ɗaya a cike ta isa ta rage masa sauri. Ka sanar da 'yan wasa wacce za a bi kafin su sayi kaya.

Na gaba shi ne sanin lokacin da ba a jifa. Ƙofar ƙarfe ce a gaba, ƙaƙƙarfa mai +5 ya jefa 3 ya tashi da 8, boka mai -1 ya jefa 20 ya tashi da 19 ya ɓalle ta. Teburi zai yi dariya, amma wanda ya zuba makinsa duka a ƙarfi an cuce shi. Abin da nauyinsa ke cikin iyakar ɗagawar jarumi, bar shi ya ɗaga kawai. Abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar ture ganuwar birni, ka ce ba zai yiwu ba. A ƙa'idar 2014, samun 20 tabbacin nasara ne a hari kaɗai, ban da gwajin ƙarfi.

Saura kayan tsafi, nan iyakar ke yoyo. Safar hannun ƙarfin dodo tana mayar da ƙarfi 19 kai tsaye. Ɗamarar samudawa tana farawa daga 21 har 29, gwargwadon irin basamuden. Ba a tara su, mafi girma ce ke aiki, kuma jarumi ba ya ɗaure kansa da kayan tsafi fiye da uku. Ka auna kafin ka bayar: jarumin mataki na 20 mai +5 da gwaninta +6 yana buƙatar 19 ko 20 don cin aikin da sai jimilla ta kai 30, wato kashi 10 cikin ɗari. Da ɗamarar 29, sai ya koma kashi 30. Wannan kyauta ce ta ƙarshen tafiya, ba ta mataki na 5 ba. In za ka ba da safar hannu da wuri, duba ko akwai mai ƙarfi 16 ko 17 da ya sha wahalar tara su, don kada boka ya wayi gari ya fi shi.

Barbarian, jarumin da ke yaƙi da fushi, shi ne kaɗai aikinsa ke ba shi damar haura 20 ba da tsafi ba: a mataki na 20 yana samun ƙarin 4, iyakarsa ta koma 24. A sabon bugu na 2024 an ɗaga ta zuwa 25, saboda haka ku daidaita tun farko a kan wane bugu teburinku ke bi.