Yadda ake haɗa tawadar alƙalami mai shan tawada ba tare da an lalata shi ba

Jama'a don Allah kar ku zuba tawada kala biyu kai tsaye cikin alƙalami, wallahi haka ake kashe alƙalami mai tsada. Nemo ƴar ƙaramar kwalba mai tsabta da sirinji, ka ɗiga kaɗan kaɗan, misali ɗigo 3 na shuɗi da 1 na baƙi, ka rubuta adadin a takarda saboda gobe za ka manta. Sai ka rufe ka bar ta kwana 2, in ka ga ta yi gudaji ko wani abu ya kwanta a ƙasa to zubar kawai.

Ni dai shawarata ka tsaya kan kamfani ɗaya, kamfanin Platinum ma suna da wasu tawadoji da aka yi musamman don haɗawa, amma tawadar Baystate Blue ta kamfanin Noodler's ba a haɗa ta da sauran tawada, haka irin tawadar nan mai sinadarin ƙarfe a bar ta ita kaɗai. Tawadar allo kuwa da ake yi da gawayi da ƙaro, ta alƙalamin kara ce, ƙaron nan zai toshe ma hanyar tawada gaba ɗaya.

In tawadar da ka haɗa ta yi kauri ka sirka da ruwan distil na kemis, wato tsabtataccen ruwan da ake samowa daga tururi, banda na famfo ko rijiya. Ajiya kuma a durowa nesa da rana, murfi a ɗaure sosai musamman lokacin zafi, kuma duk kwalbar da ta yi fumfuna ko wari ya canza kar ka sake tsoma alƙalaminka ciki.